Zaren Kaset a Gonar Kwari

Bana ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma bai zauna ba. A bakin masu zuwa gaisuwa na ji wannan, domin ina cikin takabar maigidana, Allah ya jiƙansa, ban taka ko zaure ba. Ranar da na fita takaba gero ya riga ya fidda kai. Da la'asar ina zaune a tsakar gida sai wata inuwa ta gilma a kan tabarma. Na ɗaga kai na ga jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, sun nufi fadama. Ba su da yawa. Amma sai na gan ni a tsaye, ina waige-waigen gwangwanin da zan kaɗa.

'Yata ta fari tana gidan a ranar. Ba na kiran sunanta na yanka. Asabe kakarta ta laƙaba mata, ita kuma Adda take ce mini tun tana ƙarama. A Kalgo take aure. Tun lokacin da aka zo rabon kayan babanta ta buɗe adakarsa, ta tarar da kaset sun kai rabin adaka, kusan kowanne da hotonsa da rubutunsa, amma babu zare a ciki. Kwanso ne kawai.

"Adda, mi Baba ya aje wanga tarkace ya yi? Duk an zare musu hanji."

Na ce ta bar su. Ba ta bari ba. Ta kwashe su a jaka ta kai wa masu tura waƙa a waya can wajen jami'a, suka duba rubutun da ke jikinsu, suka nemo mata waƙoƙin, suka zuba a wani ɗan abu da bai kai farcen babban yatsana ba. Ranar fitar takaba ta kawo mini shi cikin ƙaramar rediyo mai caji, ta ce in na ji kewa in kunna. Tun daga nan nake bin su ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka nake kunnawa, domin da rana tsaka na san su.

Shekarar da zan faɗa, ba a daɗe da yaye Asabe ba. Muna Dodoru, gida ɗaya da Inna, mahaifiyar maigida. Shi kafin aurenmu ya yi shekaru yana yaron mota, ya je Ikko, ya je Kumasi, ya sha ƙetarawa ta Kamba. Abin da ya dawo da shi ke nan, rikoda da tarin kaset. Inna ba ta taɓa yafe masa wannan ba. Takan ce 'ya'yan mutane in sun tafi nema da karsana suke dawowa, nata ya dawo mata da akwatin surutu. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ƙara murya. Kowane kaset ya san garin da ya saye shi da motar da yake bi a lokacin. In ya goge su da bakin rigarsa, har sai in ji haushi.

Ruwan farko ya sauka da wuri a shekarar. Aka yi shuka, ta tsiro, rana ta kashe ta. Aka jira, aka sami yayyafi, aka sake zuba iri, shi ma ya bi na farko. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, har mu kwashe shanya mu jera tukwane a bakin indararo. Sai iska ta taso mai zafi kamar daga bakin murhu, ta watsa shi. Maza suka fita roƙon ruwa, suka juya rigunansu, suka dawo kowa kansa a ƙasa. 'Yan shanun Inna aka haɗa su da na dangi aka yi kudu da su. Daga nan ba mu ƙara ganin nono ba.

Ga yadda wuni yake. Da asuba in je rijiya, wadda aka yi ta ƙara wa igiyar gugarta tsawo har sai da aka ɗaura tsohon zane. Ruwan yakan fito ja, sai a bar shi ya kwanta. Daga nan ni da Inna mu zauna tsinkar ganye, tafasa ko yaɗiya, duk abin da maigida ya samo a daji. A dafa, a matse, a barbaɗa dusa. In an yi sa'a akwai garin rogo, a jiƙa shi da ruwa mai yawa don ya kumbura. Sau ɗaya ake ci, bayan la'asar. Turmi ya yi kwanaki a kife, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A unguwa duka ba ka jin daka, kuma shirun nan ya fi yunwar kanta tsoratar da ni. Gashin Asabe ya fara ja, ƙafafunta suka ɗan tasa. Da farko tana kuka. Daga baya ta daina, sai ta zauna a jikin bango tana kallon mutum.

A cikin wannan halin yayana ya zo daga Kalgo a kan keke ya ce mahaifiyata ta rasu, an rufe ta tun jiya. Bai daɗe ba. Da zai tafi ya kwance wani ƙullin tsumma ya ba ni. Irin gero ne da ta adana a tulu, ta gauraya shi da toka don kada ƙwari su ci. Ya ce rabona ke nan.

Inna ta dubi irin, ta dubi Asabe, ta ce a daka a dama wa yarinyar kunu. Maigida ya ce kunun kwana nawa zai yi. Suka bar mini zaɓi. Na ce a shuka.

Akwai wata gona ta kakansa a kwari, bakin fadama, wadda a shekarun kirki ruwa ke kwanciya a cikinta, ba a damu da ita ba. Can muka zuba irin, lokacin da kowa ya riga ya fid da rai. Masu wucewa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari," da muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Amma ƙasar tana da laima a ƙarƙashi, sannan aka yi wasu 'yan ruwaye na ƙarshen damina. Geron ya tashi. Ya yi ciki, ya fidda kai, ya yi bununi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, kafin namu ya fara ƙwaya, sauran mutane sun riga sun kalace ɗan abin da gonakinsu suka bayar. Daga Dodoru har iya inda ido ya kai, babu wani tsanwan abu a tsaye sai gonarmu. Tsuntsun da ya kamata ya rabu a gonakin gari duka, mu kaɗai ya sani.

Ranar da suka fara zuwa, maigida ya shigo gida da gudu, bai ko yi sallama ba. Shekarar ce na fara fita gona tun da aka kawo ni gidan. Inna da kanta ta miƙo mini mayafi ta ce, "Goya ɗiyar, mu tai."

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Daga nesa kamar hayaƙin gobara, yana naɗewa yana warwarewa. In sun matso sai ka ji ƙarar fikafikai kamar ruwan sama a kan kwano, har ka ɗan yi murna kafin ka tuna. Su sauka gaba ɗaya, karan gero ya sunkuya. Ka ruga can, su tashi su sauka bayanka. Zangarniyar da suka taɓa sai ta zama fari fat, kamar an tsefe ta.

Maƙwabta sun yi mana kirki. Ba mu da abin ciyar da gayya, amma suka zo suka kafa mana rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, suka ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Inna ke zama a kan rumfar tana jan igiya, ni da shi muna zagaye, shi da majaujawa, ni da faranti da ludayi. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa faɗuwarta. Mai yunwa ba ya daɗe yana ihu. Cikin 'yan kwanaki muryarmu ta dishe, tsuntsayen kuma suka saba da gwangwani, har suna sauka a kan igiyar.

Wata rana da hantsi, muna zaune a inuwar rumfa, maigida ya ce a hanyar Kumasi ya ga masu shinkafa suna ja wa gona zaren kaset. Yana ƙyalli a rana, in iska ta buga shi kuma yana wani gunji da tsuntsu ba ya so. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Inna ta ce, "Ashe akwai ranar da akwatin surutu zai yi amfani."

Bai yi dariya ba. Washegari ya zo gona da rikoda a kafaɗa da kaset guda a aljihu, na waƙar siyasa. Na zaci zai fasa shi nan take. Sai ya zauna ya sa shi a rikoda.

"Mi kuma kake jira?" in ji Inna.

"Inna, ko akuya ce ana ba ta ruwa kafin a sa mata wuƙa. Bari ya yi magana ta ƙarshe."

Haka muka ji shi gefe biyu, mai waƙa yana ta alkawarin rijiya da taki. Da ya ƙare Inna ta ce ƙarya ce tun farko, gara tsuntsu ya ji ta. Maigida ya zaro zaren da tsinke, na riƙe kwanson, yana tafiya da baya yana ja. Ban san zare mai tsawon haka yana cikin ɗan abin nan ba. Muka kakkafa sanduna, ya ɗaure shi tamau, ya ɗan murɗe shi. Da iskar la'asar ta taso sai ya fara walƙiya, yana wani kuka siriri kamar na ƙudan zuma. Garken ya zo, ya yi kamar zai sauka, ya karkata ya wuce.

Sai dai zaren ba ya daɗewa. Rana tana cinye ƙyallinsa, iska tana tsinka shi, raɓa tana sa shi ya saki. Kuma kaset guda ba ya rufe ko gefe ɗaya na gonar. Kullum sai an ƙara. Daga nan abin ya zama tsere tsakanin adaka da gero. Kowace safiya nakan matsa ƙwaya da farce in ga ko ta yi tauri, sai farin ruwa ya fito kamar nono. Kowace safiya kuma adaka tana ƙara sauƙin ɗauka.

Da rana tsaka tsuntsu yakan koma itatuwan fadama ya huta. Lokacin ne muke jin kaset ɗin da za a yanka. Batir ɗin tsofaffi ne, maigida yakan jera su a kan dutse su sha rana, wani lokaci ya ɗan cije su, sai su ba da ɗan ƙarfi. Ba ya yarda rikoda ta mayar da zare baya, da biro yake juya shi don kada batir ya ƙare.

Bayan na siyasa, na Indiya suka bi. Inna ce ta zaɓe su, ta ce a fara da matar nan mai kuka kamar an taka mata yatsa. Ni ina son su, ban dai faɗa ba. Sai na mutanen Kwango, masu jita da ke gudana kamar ruwa a kan dutse. Wannan kiɗan ba na mai yunwa ba ne. Ƙafarka tana so ta motsa, cikinka yana hana ta. Akwai na Yarbawa, ganguna suna ta magana da juna, maigida kaɗai yake gane abin da suke cewa, yana yi mana fassara, ina jin rabi ƙirƙira yake yi. Akwai wani na Turawa masu kiwon shanu, namiji mai murya ƙasa-ƙasa, yana waƙa a hankali kamar mai lallashin saniya. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Wanga mi yake cewa?"

"Cewa yake ya bar gida da nisa, Inna."

"Awo. Na ji alama. Shi ma shanunsa sun yi kudu."

Ta ce a bar shi zuwa gobe. Shi kaɗai ta taɓa nema wa alfarma, kuma gobe ta yi.

Na Sudan ya fi ba ni wuya, domin muryar mai waƙar tana hawa tana sauka kamar ta mai kiran salla a garin da ba naka ba. Na Zabarmawa da molo, maigida ya rufe ido yana jinsa, ya ce ƙamshin soyayyen kifin bakin kogi yake ji. Ya dube ni ya ce, "'Yar Kalgo, ke ya kamata ki yi kuka, danginki ne." Haka yake kirana in yana son tsokana, wai mu masu cin kifi. Na ce in da kifin yanzu, da shi zai riga ni miƙa hannu.

Da na waje suka ƙare aka shiga na gida, tsokanar ta ragu. Goge, kukuma, kiɗan 'yan dambe wanda in aka yi kirari sai tsikar jikinka ta tashi ko ba ka taɓa dunƙule hannu ba. Kiɗan fada da kotso, ana yabon masu doki da masu kyautar riga, mu kuwa muna zaune a ƙasa leɓunanmu sun tsage. Sarewar Fulani, wadda Inna ta juya mana baya har ta ƙare. Na ƙarshe a cikinsu kiɗan noma ne, wanda maigida ya fi so duk a adakar. Makaɗin yana zuga wani manomi, yana cewa rana ba ta kora shi gida. Batir ya yi sanyi, gangar tana jan ƙafa, muryar ta yi kauri kamar shi ma makaɗin bai karya ba. Maigida ya tashi tsaye ya ji shi, hannunsa a bayansa. Da ya ƙare ya miƙo mini ya ce in zare, shi zai je ya duba igiya.

Lokacin gero ya kai tumu. Mun fara gasa kai ɗaya ɗaya muna murje wa Asabe, tana tauna a hankali. Amma ƙwayar ba ta yi taurin da za a yanka ba. In aka yanka a haka, zai motse ya zama ƙaiƙayi, babu tuwo, babu irin baɗi. Ana bukatar 'yan kwanaki. Tsuntsu kuma ya ƙaru, domin ciyawar fadama ta bushe. Sai ga shi wata safiya an yi iska mai ƙarfi, ta tsinka kusan duk zaren gefen yamma, wanda ke fuskantar itatuwan da suke kwana. Da ƙyar muka kai hantsi. Na faɗi sau biyu a kunya, Asabe a bayana.

Da rana maigida ya juye adaka a kan tabarma a gindin rumfa. Kwanso ne birjik. Masu zare saura na karatun Alƙur'ani da na wa'azi da wani na yabon Annabi. Ya ɗauki na wa'azin yana juya shi a hannu.

Inna ta ce, "Aje shi. Akwai ayoyi ciki. Ba a shanya wa tsuntsu sunan Allah ya yi kashi a kai."

"Na sani, Inna."

"To aje."

Ya ajiye. Ya ce to sai dai a yanka geron yau, a sami abin da aka samu. Inna ta ce wannan da ba wa tsuntsu duk ɗaya ne.

Ni na san akwai saura guda, kuma na san ya sani. Kaset ɗin bikinmu ne. Ranar da za a kawo ni, ya ba ƙanwarsa rikodar ta shiga da ita cikin mata a gidanmu na Kalgo. A farkonsa muryarsa ce yana koya mata, yana cewa ta danna jan maɓalli da na kusa da shi tare, kada ta taɓa komai bayan haka, sai ya yi dariya. Daga nan sai kiɗan ƙwarya, an kifa ta a kan ruwa, matan gidanmu suna amshi, mahaifiyata tana ba da waƙa. Duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage. Tun da aka fara yankan kaset ya cire shi daga adaka ya soke shi a jinkar ɗakinmu, bai ce mini komai ba, ni ma ban ce na gani ba.

Na kwance Asabe na ba Inna, na ce zan je gida in dawo. Maigida ya bi ni da ido. Da na dawo na ajiye shi a gabansa, ya ce, "A'a."

Na ce ya sa mu ji.

"Na ce a'a. Wanga ba nawa ba ne, balle in yanka."

"Nawa ne. Sa mu ji."

Inna tana kallon wani wuri. Ya ɗauko batir daga kan dutse, suna da zafi har yana sauya hannu, ya cije su ɗaya ɗaya, ya zuba. Ya danna. Muryarsa ta fito a hankali, da nauyi, kamar ta tsoho. Dariyar ta zama wani abu mai kama da tari. Ƙwarya ta buga, ta sake bugawa, tsakaninsu da nisa. Sai mahaifiyata ta ɗaga murya, amma ba muryarta ba ce, ta yi kauri kamar ta namiji, tana ja, tana ja, ko kalmar farko ba ta gama ba rikodar ta tsaya.

Ya fitar da batir ya goga su a cinyarsa, ya mayar. Babu. Ya sake. Babu.

Ya tashi ya ce zai je Gwandu ya samo batir, ko da rigarsa zai bayar. Na dubi inuwar rumfa, ta riga ta fara karkata gabas. Kafin ya je ya dawo a ƙafa rana ta faɗi, gefen yamma kuma a buɗe yake. Daga itatuwan fadama ana jin su sun fara hayaniya.

"Ki bari gobe. Ki ji ta ko sau ɗaya, yadda take."

Na ce gobe babu abin da za a tsare.

Na ciro kaset ɗin da kaina. Na sa tsinke na jawo zaren. Na ba shi bakin zaren na ce ya ja. Ya tsaya kamar bai ji ba. Inna ta ce, "Ja mana, ɗiyar mutane ta fi ka ƙarfin hali." Ya kama ya fara tafiya da baya, fuskarsa tana kallona, kwanson yana juyawa a tafin hannuna yana 'yar ƙara, har ya tsaya.

Da la'asar suka zo, garken da ya fi na kullum. Sabon zaren yana walƙiya fiye da duk na gonar, iska kuma ta taimaka, yana kuka. Ba zan ce shi kaɗai ya yi aikin ba. Mun yi gudu, mun yi ihun da babu murya a cikinsa, Inna ta ja igiya har tafinta ya fashe. Sun ci gefen kudu a ranar, sun ci wani abu washegari. Amma ta yamma ba su sauka ba, kuma can ne geron ya fi kyau. In na zo wucewa ta wajen nakan rage gudu in saurara. Gunji ne kawai, irin na sauran. Na sani. Duk da haka nakan rage gudu.

Zaren ya kai mu. Ranar da na matsa ƙwaya farcena ya kasa shiga, ban gaya wa kowa ba sai da na gwada a kusurwa huɗu. Maƙwabtan da suka kafa rumfa suka zo aka yi girbi, kowa ya koma da abin da zai dafa. Abin da ya rage bai cika rumbu ba, amma ya kai mu har shanu suka dawo, an kuma cire iri an sa a tulu da toka. Ranar da na tayar da turmi na share shi, matan unguwa suna leƙowa ta katanga don su ji daka. Kunun farko Asabe aka ba. Ta riƙe ƙoƙon da hannu biyu ta shanye, ta miƙo, sannan ta fashe da kuka, kukan da muka yi wata da watanni ba mu ji ba. Inna ta ce, "Madalla. Ta dawo."

Da karan gonar aka gyara dangar gidanmu. Guntayen zare sun maƙale a jikinsa, shekara guda suna kaɗawa in an yi iska. Ban san wanne ne na wa ba. Maigida bai ƙara sayen kaset ba, labarai kawai yake ji a rediyo. Maganar ranar nan kuma ba mu taɓa tayar da ita ba, har ya koma ga Allah.

Yanzu yaran gidan leda mai ƙyalli suke saya a kasuwa su ja wa gona, ba sai an yanka komai ba. Ni kuma ina zaune a inuwa ina jin waƙoƙin nan da cikakken caji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurinsu. Ashe matar Indiya muryarta ta fi yadda na sani sirantaka. Ashe gangar noman nan gudu take yi. Duk shekarun nan da tafiyar yunwa na riƙe su a kaina. Baturen shanun nan kaɗai yake yadda na bar shi.

Shekaranjiya Asabe ta zo ta same ni ina jin na Zabarmawa. Ta zauna, ta buɗe jakarta, ta fito da kwanso guda wanda babu hoto a jikinsa, babu rubutu.

"Adda, wanga kaɗai suka kasa. Sun ce in tambayo sunan mai waƙar, ko wace ƙasa ce, za su nemo."

Na karɓa. Gefensa akwai 'yar ƙujewa inda tsinke ya shiga.

Na ce, "Ba za su same shi ba."

"Suna samun komai fa, Adda. Har na Kwango sun samo."

"Wannan an cinye shi."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. "Wa ya ci kaset?"

Na dubi hannayenta a kan jakar, cikakku, da lalle a farce. Na rage muryar rediyo.

Na ce, "Ke. A ƙoƙo, da hannu biyu. Gyara zama in gaya miki muryar wa ke ciki."